Gado Na Huɗu

Bara ofis ya tura ni Gombe taron bita,
aka ba ni ɗaki a hawa na uku,
mabuɗinsa kati, kamar na cirar kuɗi.
Kwana uku na yi a ciki.
Sanyin na'ura ya shiga ƙashina,
talabijin na ta yi wa bango surutu,
tawul fari fat, har ina jin nauyin taɓa shi.
Maƙwabcina, tarinsa kawai na sani.
Ranar tafiya yarinyar kanta ta ce sai na sake dawowa,
idonta na kan kwamfuta.

Bana da guminna na fito.
Jakar goyo ɗaya:
riga biyu, buta, tocila,
garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda,
caja mai ɗaurin roba a wuya.
Motar Kaltungo, mu huɗu a baya,
buhun albasar wata tsohuwa a kan cinyata
har Billiri.

Masaukin na bayan kasuwa,
ƙofar langa-langa, darbejiya a tsakar gida.
Baba Yila ya ƙirga kuɗina sau biyu, da yawu a yatsa,
ya ce, "Gado na huɗu naka ne.
Ga rijiya can, gugan na yoyo, ka riƙa sauri.
In fitsari ya tashe ka, haska ƙasa kafin ka taka,
kububuwa ba ta biyan kuɗin ɗaki
amma ta riga ka zuwa garin nan."

Mu shida, soket ɗaya.
A nan zumunci ya fara, da rigima.
Hammajo mai zuma ya rantse wayarsa ta fi ta kowa yunwa.
Mela, ɗalibi, jakarsa cike da duwatsu,
kowane da lamba, kamar 'yan fursuna,
ya ce a yi layi, minti talatin-talatin.
Wani mai gyaran injin niƙa daga Deba
bai ce komai ba, ya kwanta,
ya ta da minshari irin na injin da ya gagare shi.

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta, shari'a ta mutu.
Muka ja tabarmi waje.
Garina, ruwan randa, zumar Hammajo,
kwano ɗaya, cokali biyu suna zagaye.
Mela ya juya rasit ɗina ya zana hanyar Tula:
sauka a nan, kar ka ba ɗan acaba abin da ya fara faɗa,
a kwana ta uku ka tsaya ka waiwaya,
in ka isa, nemi gwaggona, kunun gyaɗa take sayarwa,
ka ce mata na rame.

Ba zan yi ƙarya ba:
kuɗin cizo sun karɓi nasu kuɗin,
katifar ta san bayan mutum dubu kafin nawa,
ƙofar banɗaki da dutse ake tokare ta.
Na yi tsaki ya fi goma.
Sau ɗaya ma na tuna farin tawul.

Da asuba na nemi silifas ɗina, babu.
Mutumin Deba ya bi motar farko da su,
ya bar min nasa, manya, shuɗaye,
an ɗinke maɗaurin hagu da waya.
Baba Yila ya yi dariya har da riƙe bango:
"Ai ka ci riba, nasa sun san hanya."

Da su na hau Tula.
A kwana ta uku na tsaya na waiwaya,
ƙasa ta baje a ƙarƙashina, gonaki kamar facin zane,
iska na kaɗa rigar da ban wanke ba.
Gwaggon Mela ta cika min kofi, ta ƙi karɓar ko sisi,
ta ce, "Ƙarya yake, tun yana yaro haka yake."

Silifas ɗin na bakin ƙofata har yau.
Hammajo kuma, duk Juma'a sai ya kira,
ya ce, "Gado na huɗu, ya gajiya?"
Sunana bai taɓa tambaya ba.