Tabon Salansa

Ranar da na ɗauki adashi
ko tuwo ban tsaya ci ba,
na nufi garejin Baba Haladu a Tudun Wada,
kuɗi na yi mini ƙaiƙayi a aljihu.

Babura biyu na jingine a gindin dalbejiya.
Ɗaya baƙi wulik, tanki kamar ƙirjin ɗan dambe,
a kashe yake amma sai ka rantse yana gurnani.
Ɗayar roba-roba ce, shuɗiya, ta sha rana,
madubinta na hagu ɗaure da waya.

Na ce, "Baba, wancan."
Bai ɗago daga tiyon da yake zuƙa ba.
Ya tofar da fetur, ya goge baki da bayan hannu.
"Yaushe ka fara hawa?"
"Sati uku, a filin makarantarmu, in yara sun tashi."
Ya miƙo makulli. "Zagaya ka dawo."

Kulochi a hagu, birki a dama, giya a ƙafa,
na haddace su kamar biyu sau biyu.
Ashe hannu bai san abin da kai ya sani ba.
Na murɗa totur kaɗan, wallahi kaɗan,
kamar mai ƙara lagwanin fitila,
sai ƙasa ta zame daga ƙarƙashina,
rumfar mai faci ta taho a guje,
tiren gyaɗa ya tashi sama.
Na tsinci kaina kwance, shi a kaina,
nauyin buhun masara biyu,
salansa tana sa hannu a ƙwaurina.

Mutum uku suka ɗaga shi.
Baba ya duba tanki tukuna, sannan ya dube ni.
"Babba ba mugu ba ne," in ji shi.
"Abin da ka ce yake yi, nan take,
kai kuwa hannunka in'ina yake har yanzu.
Ƙaramar in ka yi magana sai ta ɗan yi tunani,
ta ba ka sarari ka janye."

Na biya kuɗin gyaɗa. Na biya kuɗin shuɗiya.

Wata bakwai ke nan.
Lita ɗaya tana kai ni Samaru ta dawo da ni har da saura.
A lungunan cikin gari, inda kwata ta cinye rabin hanya,
takan bi ta gefe kamar kyanwa.
Sau biyu ta faɗi da ni a yashin Gyallesu,
sau biyu na ɗaga ta ni kaɗai, babu wanda ya gani.

Ba zan yi mata ƙarya ba:
a hanyar Shika, in tirela ta wuce,
iskar kan kaɗa mu kamar zani a igiya.
In na goya Talatu da cefanen mako
takan yi tari a hawan gadar Kwangila,
in riƙa ba ta haƙuri a zuci.
Kaduna kuwa ba ma zancenta.

Baƙin, Tanimu ɗan gidan mai katako ya saye shi.
Shekara tara yana kan hanya, ya isa.
Jiya ya wuce ni a gadar Kubanni,
ƙararsa ta daki ƙirjina kafin in gan shi.
A cunkoson Sabon Gari na tarar da shi, ƙafa a ƙasa,
muka gaisa, ya ce yaya tsohuwa.
Na ce lafiyarta lau.

Na ce lafiyarta lau,
amma idona na kan tankin nan,
tabon ƙwaurina yana ƙaiƙayi a cikin wando.
Na riga na shiga sabon adashi.
Ban gaya wa Baba Haladu ba,
ban gaya wa shuɗiya ba.