Baƙin Akwati Mai Wutsiya

Bai cika tafin hannuna ba.
Baƙi ne, da tsaga a kusurwa ɗaya,
da 'yar igiya kamar wutsiyar ɓera.
Mu biyar muka haɗa kuɗinsa:
ni, Rabe, Mannir, Bishir mai faci,
sai Iro, da ya kawo ɗari bakwai da rantsuwa.

Kwamfutata 'yar gwanjo ce,
cikinta ya cika tun kafin ta san hanyar Katsina.
Mai gyara a Ƙofar Ƙaura ya shafa bayanta, ya ce:
"Ku bar mata numfashinta.
Ku zuba wasannin a nan, ta riƙa ɗiba daga waje.
Gidan da ba rijiya ai ba ya kwana da ƙishi
in dai maƙwabci na da guga."

Inna ta ji muna ta "hadis, hadis" a zaure,
ta aiko da kunun tsamiya,
wai yara sun kama karatu.
Mun shanye. Allah Ya yafe mana.

Muka mai da shi adashi.
Litinin yana Rafindaɗi,
Laraba ya kwana Sabuwar Unguwa
a cikin safa, a aljihun Mannir,
Juma'a ya dawo mani da ƙanshin man faci.

Ba ya son gaggawa.
Ka soka shi, shuɗin idonsa ya yi ta ƙiftawa,
kafin filin ƙwallo ya buɗe
Iro ya je bakin titi ya sayo awara, ya dawo,
har ya cinye rabi a hanya.
Dokarmu ɗaya ce: kada a taɓa tebur.
Bakin igiyar ya saki, mun ɗaure shi da kyauro,
atishawa ma sai an fita waje.

Ranar da ɗan akuya ya kutso zaure,
saura minti ɗaya, ina gaban gola,
ya yi tuntuɓe da wutsiyar.
Ɗan wasana ya daskare, ƙafa a sama.
Bishir har yau yana cewa da ta wuce ta saman raga.
Ƙarya yake.

Rabe ne ya kafa kulob a ciki,
ya raɗa mashi sunan lungunmu.
Ya ƙera ɗan wasa da fuskarsa,
har manyan kunnuwan bai rage ba,
lamba sha huɗu a baya.
Wata bakwai yana jan su daga ƙasan tebur
har bakin wasan ƙarshe.
A nan ya ajiye.
"Kar wanda ya buga mani. Sai na dawo."

Ya bi ta Jibiya, ya bi ta Maraɗi.
Muryarsa ta ƙarshe daga Agadas ta zo,
iska ta cinye rabinta.
Damina biyu ke nan.

Yanzu akwatin ya fara ƙyas, ƙyas,
kamar tsaka a bayan silin.
Mai gyara ya kara shi a kunne, ya daɗe,
ya miƙo mani da hannu biyu:
"Kwashe abin da za ka iya."

Da me? Filashina ko kwata ba zai ɗauka ba.
Na bar yaƙe-yaƙe, na bar motoci,
na bar birane masu dusar ƙanƙara,
na ɗauki ajiyar Rabe kaɗai,
wadda ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba.
Mannir ya ce makulli ne ba ƙofa.
Na sani.

Da dare, in an kawo wuta,
ina soka shi, in tallafe igiyar da yatsa biyu.
Wani lokaci ya ƙi. Wani lokaci ya buɗe:
ga su nan a layi, a bakin fili,
mai sha huɗu a gaba, yana numfashi,
yana juya wuya, yana jiran usur.

Ba na danna komai.
Ina dai riƙe da igiyar
har hannuna ya yi tsami.