Kwanan Kyauta

Shekara talatin da biyu ina gidan waya,
ina danna hatimi a wasiƙun mutane.
Agadas, Difa, Yamai, na san su a bayan ambulan,
ƙafata kuwa ba ta wuce Mirriya ba.

Ran da na aje aiki Cima ta ce, "Ma'azu,
mu tashi tun gwiwa tana ɗaukarmu."
Muka sai da raguna biyu, muka ɗaure akwati.
Ba biki, ba ta'aziyya, ba neman magani,
yawo kawai, abin da dangi ba su gane ba.

A Maraɗi aka ba mu kati mai ruwan zinariya.
Yarinyar kanta ta ce duk jaka guda maki guda,
in maki ya taru ɗaki ya zama kyauta
a kowane reshe nasu, har na nan Damagaram.
Na sa tabarau na bi ƙananan rubutun baya.
Ta ce ba ta taɓa ganin mai karanta su ba.

A Tawa wani otel ya ba mu ɗan kwali,
gida goma, kowane dare a buga hatimi,
tara ka biya, na goma nasu.
Ni da hatimi tsohuwar zuma ce,
sai dai yaron ya buga shi a karkace.
Na ce, "Miƙo nan, ɗana, ba haka ake ba."

Muka dawo Birni muka baje su a tabarma
tsakanin kwanon dabino da butar shayi.
Na ce kwali ya fi, ido ke ƙirga shi.
Cima ta ce, "Kwali bai ba da karin kumallo,
ban da Sallah, ban da ƙarshen mako,
kuma wa zai koma Tawa sau biyar
don a ba shi gado mai kuka kamar gauraka?
Zinariya kuwa ƙwai biyu, burodi, ruwan zafi a famfo."
Na ce, "Maki hayaƙi ne, yana cikin na'urarsu."
Ta ce, "Fanshonka ma ba a tukunya yake ba."

Kwana uku muna lissafi a bayan kalanda,
shayi ya ƙare, gardama ba ta ƙare ba.

Ran Talata saƙo ya faɗo a salula:
makinku zai mutu ƙarshen wata.
Ashe shi ma yana da ajali.
Ya isa dare guda cif,
kuɗin motar Maraɗi kuwa ba mu da shi.
Cima ta kakkaɓe akwati, ba ta ce da ni komai ba.

Adaidaita ta ɗauke mu, tafiyar dala arba'in.
Maƙwabta na ɗaga hannu, "A gai da mutanen can!"
A bakin otel mai gadi jikan Gambo ne.
Ya ce, "Baba, lafiya? Ko gidan ya rushe?"
Na miƙa kati kamar baƙon da bai san gari ba.

Hawa na biyu, taga tana duban Birni.
Ga duwatsu sun yi ja da yamma,
ga rufinmu, ƙanƙane kamar kan sarki a wasiƙa,
ga zanen Cima da ta manta a igiya,
ga akuyar Gambo tsaye a kan katanga
tana cin zogalenmu cikin natsuwa.
Cima ta yi tsawa, akuya ba ta ji ba.

Sanyin ɗakin ya sa muka lulluɓa da labule.
Da asuba kiran sallar unguwarmu ya iso,
muryar Malam Bra, siririya, daga nesa.
Shekara arba'in tana tashina a kan kunne,
ban taɓa sanin tana da daɗi haka ba.

Da safe ƙwai biyu, burodi, Cima na taunawa a hankali
irin ta wadda ta ci gardama.
Kwalin Tawa yana aljihuna, hatimi huɗu,
ɗaya ni na buga, miƙaƙƙe.
Na fara ware kuɗin mota. Ban faɗa mata ba.