Dillalin Kufai

Da wuri nake fita,
kafin rana ta ɗora tukunyarta a kan Bur Sudan.
Bahar Maliya ya ja zanensa baya,
ya bar mini abin da dare ya tofar:
wuri, makankari, katantanwa mai murɗaɗɗen baki,
wata da tsini kamar ƙahon gada,
wata a huje, ban san wa ya riga ni ba.

Duk gidaje ne.
Masu su sun tashi ba sallama,
ba su bar bashin haya ba.
Ni ne dillalin kufai.

Shekara ashirin da biyu ina dako a bakin jirage,
buhun riɗi, buhun ƙaro,
har gadon bayana ya ce mu raba gari.
Yau hajata kaf
ba ta cika gwangwanin madara uku.

A tsakar gida Hansai ke jiƙa su,
ta bi su da tsohon buroshin haƙori,
tana mita:
ƙarnin teku ya fi baƙon da ba shi da ranar tafiya naci.
Ni ko in miƙe ƙafa, ga gam, ga basilla,
ga tabarau da na ɗaure wa kunne da zare.
Makankari biyu, tsuntsu ke nan.
Babba ɗaya, ƙanana biyar, kunkuru ya samu.
Raƙumi ne ke ba ni kashi,
kullum ƙafa guda sai ta gaza 'yan'uwanta.
Jikata Tabawa ce mai ɗiga idanu
da tsinken ashana da baƙin fenti,
shi ya sa dabbobina duka
ke kallon duniya kamar yanzu aka ba su labarinta.

Ran Alhamis in kai wa Tajussir.
Kantinsa gilas ne, fanka na juyi.
Ya ɗauka, ya juya, ya latsa da babban yatsa,
ya ce wannan ta karkace,
ya biya ni kuɗin dozin,
ina tsaye ya liƙa wa guda ɗaya
abin da ya kusa rabin dozin ɗin.
Ba na jin haushi sosai.
Shi ke biyan wuta,
kuma jabanarsa akwai citta.

Abin da bai sani ba:
kakana Barmo ya baro Haɗeja da jaki ɗaya
da wuri ɗinke cikin tsohuwar taiki,
guzurin da uwarsa ta tara da kaɗi.
Shekara tara yana tafe,
nan noma, can ɗinki, can jinya.
Ko'ina ya kwance bakin taiki
sai a ce wannan kuɗin ya mutu.
Bai zubar ba.
Ranar da ya iso gaɓar nan
ya tarar da yara na shurin dukiyarsa a rairayi.
An ce ya zauna dirshan ya yi ta dariya
har aka zaci taɓuwa ce.
Ga kuɗi zube iya ganin ido,
ba su kai ladan jirgi ba.
Jidda na can ƙetare. Bai haye ba.
A nan muka tsiro, a inda dariyar ta tsaya.

Makon jiya Tajussir ke gaya mini
wata tsohuwa mai shirin shiga jirgi a Sawakin
ta tsallake madubai da akwatunan zobe,
ta ce gurgun raƙumin nan take so,
wai tafiyarsu ɗaya.
Ta naɗe shi a gefen mayafi.
Wuri bakwai na jera masa a wuya,
na tuna, don gam ya ci yatsana ranar.

Ban ce komai ba. Na shanye jabanata.
A hanya na lissafa:
i yanzu ya sauka.

Hansai, gam ya ƙare,
ki tuna mini.
Tabawa, wanke hannu, fentin nan ba lalle ba ne.
Gobe ruwa zai janye kafin assalatu,
ku tashe ni da wuri.