Tsagar Kunnen Hagu

Kowace Alhamis, a kasuwar shanu ta Damagaram,
na wasu nake turawa cikin kamiyo.
Dala ɗari kowane kai. In murɗa wutsiya, in yi tsawa,
su nufi Mai'aduwa,
ni in koma Garin Malam da kashinsu a dunduniya.

Wannan makon wata ja ta toge a bakin katako.
Na kama kunnenta zan ja,
sai yatsana ya faɗa cikin tsaga:
biyu a hagu, ɗaya ta ɗara ɗaya.
Hannuna ya riga ni ganewa.
Alamar gidan Bango ce.

Ina saurayi, sanda ɗaya, gora ɗaya, ko akuya babu,
ya kira ni bakin rijiyar Belbeji, mai gaba arba'in.
Ya ce, "Magagi, ga karsana, habanaye ce.
Ta haifa maka uku, ka maido mini uwar."
Bai nemi shaida ba.
Ya furzar da goro, ya ci gaba da jan wasaki.

Na sa mata Makara, don kullum ita ce ƙarshen garke.
Tabawa ta ce in sake, sunan yana da wata fuska.
Ban sake ba.

Ba ta sakin nono sai an yi mata fito.
Ƴaƴan gawo take so fiye da kanwa.
In na zauna cire ƙarangiya daga wando
sai ta zo ta baya tana lasar gumin wuyana,
harshe kamar dutsen niƙa.
Maraƙinta na fari cikin malka ya faɗo,
a kafaɗa na kawo shi mashekari,
tana bina, tana zagina da yarenta.

Tana ɗauke da na uku damina ta ƙi mu.
Hadari ya haɗu, ya dube mu, ya watse.
Muka yi kudu.
Ba ka tambayar hanya a shekarar nan,
ƙasusuwa sun shimfiɗa burtali.
Na sare mata rassa, na yaye rufin bukka na ba ta.
Ƴaƴanta biyu suka riga ta.
Da asuba mu uku muke ɗaga ta,
sanduna a ƙarƙashin ciki,
har ranar da, dab da Takeita, ta dube ni ta ƙi.

Mahauci ya taya jika guda.
Na ce ba tawa ba ce, ba na sayar da amana.
Abin da na hana mahauci, ungulu suka raba.

Ban koma Belbeji ba.
A al'adarsu, abin da fari ya ci ba bashi ba ne.
Na san haka.
Kunya ce ba ta san al'ada ba.

Mai jar saniyar yaro ne, waya a kunne, malfa a baya.
Na ce, "Ka san Bango?"
Ya ce, "Kakana. Kaka tara ke nan da rasuwarsa."
Na ce, "Ya taɓa zancen wani Bahaushe?"
Ya yi dariya.
"Kullum. Wai yana da saniya can kudu,
hannun mutumin kirki, ana kula masa da ita.
Duk damina sai ya ƙirga da yatsu,
ya ce yanzu sun haura ɗari.
Mu dai mun ɗauka tsufa ne."

Direba ya danna oda.
Ban taɓa wutsiyarta ba.
Na jiƙa leɓe, na nemo fiton nan a inda ya kwana shekara arba'in.
Ta kaɗa kunnen hagu,
ta hau da kanta.

Da dare Tabawa ta ajiye tuwo, ta ɗauke shi yadda yake.
Ta ce, "Wa ka gani a kasuwa?"