Farin Zanin Gado

A shagon Nanbam, bayan Taminus,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
muka jeru a benci ni da Zulai,
yara uku a tsakani, sun sha mai har suna ƙyalli.

Da ƙirjina na shigo.
Nanbam ta ce, "Tasi'u, ina aka haife ka?"
Na ce, "Nan Gangare,
cibiyata tana gindin mangwaron gidanmu."
Ta tsotsi haƙori.
"Ƙasarmu ba ta cikin jerin.
Sun ce mun yi musu yawa a can,
ƙuri'ar ta wasu ce."

Har na miƙe ina kaɗe wando
Zulai ta yi magana ƙasa-ƙasa:
"Ni fa a Tasawa aka haife ni."

Shekara sha huɗu ƙannena na tsokanar ta,
'yar Nijar, mai lissafi da jika,
mai kiran makaranta lakwal.
Yau ga shi ita ce allura,
ni zare, sai inda ta huda zan bi.

Aka zo kan ilimi.
Sakandare, ko sana'ar da aka koya aka goge.
Na ce na gama sakandare,
ruwan Rikkos kuma ya gama da takardar,
dare ɗaya, tare da katifa da akuya biyu.
Na shimfiɗa mata tafin hannuna,
shekara ashirin na walda a rubuce a kai.
Ta ce, "Na gani.
Amma hannu ba ya shiga kwamfuta.
Ka nemo wata kafin ranar tambaya."

Sai hoto.
Ta rataya farin zanin gado a ƙusa.
A cire tabarau, a kalli gaba,
ban da dariya, ban da inuwa.
Idona da wuta ta dafa ya fito ja, tsirara.
Sagir kuwa sau tara ana ɗauka,
da an ce kar ya yi dariya sai ya ƙyalƙyale.

"'Ya'ya nawa?
Kada a rage ko na goye,
wanda ya ɓoye ɗa ya zubar da rabonsa."
Na ce huɗu.
Zulai ta ce uku.

Janareto ya ci gaba da tarinsa.
Nanbam ta ɗauke yatsu daga kan haruffa,
ba ta dubi kowa ba.

Nafi'u yana titin Zariya, layi na uku daga katanga.
Shi bai tsaya gaban farin zani ba,
an dai naɗe shi a ciki.
Ba a tambaye shi inda aka haife shi ba,
ba a ce ya jira watan biyar ba.
Na duba fom ɗin daga sama har ƙasa,
babu gurbin wanda ya riga mu tafiya.

Aka rubuta uku.

Injin ya tofo wata doguwar lamba.
"In ta ɓace, shi ke nan, ko kun ci ba ku sani ba."
Zulai ta ninke ta sau huɗu,
ta ɗaure a bakin zani
wurin da kuɗin cefane ke kwana.

A keke, daidai gadar Bauchi,
Mubaraka na tambaya ko can ma ana sanyi irin na Jos,
ko ana sayar da dankali da yaji.
Uwarta ta matso kusa da kunnena:
"In mun ci,
wa zai riƙa cire masa ciyawa da damina?"

Tun ranar ina ɗaga hannu bayan sallah
in rasa wanne zan roƙa.
Sai in ce, wanda ya fi alheri,
in shafa,
in koma shago in ja tabarau,
in ci gaba da haɗa ƙofar gidan wani.