Uku Waje, Biyu Ciki

A ɗakin gadin Baba nake karatu, a Surulere,
nan kaɗai wutar janareton maigida ke iso mana.
Gobe jarrabawa a Akoka.

Littafi ya ce ƙwayar halitta ma tana da ƙofa,
tantani ne, bai kai kaurin ɓawon albasa ba.
Iska ba ta sallama, ratsawa take yi.
Ruwa na bin gishiri duk inda ya taru.
Sukari kuwa sai da ɗan rakiya,
in ya shiga a farfasa shi ya zama canji,
don ƙwaya kwandastan danfo ce:
ba ta karɓar 'yar dubu.

Hon!
Baba ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara,
ya sa kafaɗa ya tura ƙarfen.
Burodin Agege ne da shayin magariba
ke tura get ɗin nan, Baba,
ni na san hanyar da suka bi.

Ya dawo yana haki. "Me suka koya miki yau, Ladidi?"
Na ce wani famfo ne,
uku waje, biyu ciki,
kowane juyi da kuɗinsa.
"Ba ya hutu?"
Ranar da ciki da waje suka zama ɗaya,
na ce, sai dai likkafani.

Ya yi dariya. "Ashe ɗan'uwana ne."

Ƙarfe biyu, ruwa ya sauko, kwata ta cika.
Ya gyangyaɗa, tocila a cinya.
Na rufe littafi ina kallon ƙirjinsa,
ƙofofi ba iyaka,
babu wadda ta runtsa.